Kafin Ka Sayi Ƙafafun Sifika Masu Tsada, Fara Duba Ƙofar Kabad

Kwanakin baya wani ƙanina ya kira ni ransa a ɓace, wai wufar da ya saya ko wata huɗu ba ta yi ba ta fashe. Da zarar ya ƙara murya sai wani zuuu ya riƙa bin bayan kowane bugun ganga, kamar an kulle ƙudan zuma a gwangwani. Sau biyu yana kai ta wurin mai gyara. A zuwan farko aka gwada ta a shago, lafiya ƙalau, aka karɓi kuɗin dubawa. A na biyu mai gyaran ya lura yaron nan hankalinsa ba zai kwanta ba sai an taɓa wani abu, sai ya canza masa takardar sifika wadda babu abin da ya same ta. Ya dawo gida ya jona, ƙarar tana nan daram.

Da na je gidan ko taɓa wufar ban yi ba. Na ce ya kunna, na ɗora tafin hannuna a kan ƙofar gilashi ta teburin talabijin, ƙarar ta ɗauke ɗif. Na ɗaga hannu, ta dawo. Ashe a kan wannan teburin wufar take zaune, gefen dikoda, ita da kwalbar turare da rimot guda uku da firem ɗin hoton biki. Muka sauke ta ƙasa, muka liƙa 'yar guntuwar roba a inda ƙofar ke haɗuwa da ƙarfe. Abin da aikin ya ci bai kai kuɗin katin waya ba.

Na kawo wannan labari ne saboda wani abu da nake ta gani a shagunan intanet da shafukan masu sha'awar kayan sauti. An buɗe kasuwa guda ta maganin jijjiga: ƙafafun ƙarfe masu tsini, ƙwallayen yumbu, faranti na dutse, katakon da aka ce daga wani daji na musamman aka saro shi, har da wasu 'yan matattakai na ɗaga waya daga ƙasa. Wasu daga cikinsu kuɗin guda huɗu ya fi na hom tiyatar da ke falon yawancinmu. Kuma tallar iri ɗaya ce, cewa kowace na'ura da ka mallaka tana fama da jijjiga, kai ne dai ba ka sani ba.

Ra'ayina shi ne jijjiga matsala ce ta gaske, amma ba ko'ina take da tasiri ba. Tana da wurare ƙalilan da take ɓarna sosai, kuma a nan maganinta yawanci arha ne. Sauran wuraren da ake cewa a kashe mata kuɗi, kunnen ɗan Adam ba ya jin bambanci. Sannan da yawa daga shawarwarin da muke kwasowa daga waje an yi su ne domin gidajen da ba irin namu ba.

Daga ina jijjigar take fitowa?

A falon gida babu abin da ya kai sifika kanta haddasa jijjiga, don kuwa aikinta ke nan. Wuta ta shiga koyil, maganaɗisu ya tura takarda gaba ya jawo ta baya, takardar ta tura iska, iskar ta iso kunnenka. Yawan wannan kai da komowa a daƙiƙa ɗaya shi ake aunawa da Hz. Sauti mai kauri da muke kira bes yana ƙasa, kamar daga 20 zuwa 200, kuma shi ne mai girgiza kaya, domin sai an motsa iska mai yawa kafin a samar da shi.

To duk lokacin da takardar ta yi gaba, akwatin sifikar yana samun turi zuwa baya daidai da ƙarfin da aka tura ta. Dokar Newton ta uku ke nan da aka koya mana a sakandare. Daga akwatin sai girgizar ta bi ƙafafu ta shiga duk abin da aka ɗora shi a kai. Hanya ta farko ke nan, ta cikin jiki. Hanya ta biyu ta iska ce: sautin da ya riga ya fita ya doki taga, ya doki silin, ya doki kwanukan da ke jere a kabad. Bambance waɗannan hanyoyi biyu shi ne rabin aikin, saboda roba ko soso a ƙarƙashin sifika hanya ta farko kaɗai suke tarewa. Idan iska ce ke kaɗa tagarka, ko katifa sukutum ka shimfiɗa wa wufa tagar ba za ta yi shiru ba. Sai dai ka je wurin tagar da kanta.

Akwai kuma abu na uku da ya kamata a fahimta. Kowane abu yana da kaɗawar da ya fi amsawa. Ka tuna lilo: idan kana tura yaro daidai lokacin da lilon ya dawo, da ɗan yatsa ma za ka kai shi sama, idan kuwa ka saɓa lokacin sai ka yi ta wahala a banza. Haka ƙofar gilashin nan ta ƙanina take. Akwai wani sauti guda a cikin bes da ya yi daidai da kaɗawarta, shi ya sa ba a kowace waƙa take kuka ba, kuma shi ya sa a shagon mai gyara ba a ji komai ba. Ɗakin ma kansa yana da tasa. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa a cikin iska, don haka falo mai tsawon mita 4 zai riƙa kumbura sautin da ke wajen 43 Hz, musamman a jikin bango da lunguna. Wanda ya cusa wufa a lungu ya ji bes ɗin ya zama gunji mara kan gado, matsalarsa ta wurin ajiya ce. Ya jawo ta gaba kaɗan ko ya canza mata bango, zai ji canjin da babu ƙafar da za ta ba shi.

Tsini ko taushi

A nan ne aka fi ruɗa mutane. Za ka ga ana tallar ƙafafu masu tsini kamar ƙusa ana cewa suna raba sifika da ƙasa, wai don bakinsu siriri ne jijjiga ba ta samun wurin wucewa. Wannan magana ba ta da tushe. Ƙarfe mai tauri da ya nutse cikin daɓe haɗa sifika da daɓen yake yi, ya mai da su kamar abu ɗaya. Siririn baki yana ƙara matsi ne a wuri guda, ba ya hana girgiza wucewa, kuma ba ya zaɓar mata hanya, yadda take sauka haka take hawa.

Ba wai tsinin ba shi da amfani ba. A Ingila da Amurka gidaje da yawa ana shimfiɗa musu kafet mai kauri bango zuwa bango, da wani soso a ƙarƙashinsa. Doguwar sifika a kan irin wannan shimfiɗa rangaji take yi. Tsinin yana huda kafet ɗin ya taka abu mai ƙarfi, sifikar ta tsaya cak, kuma ana iya murɗa kowace ƙafa a daidaita tsayinta. Amfanin ke nan, kuma amfani ne na gaske a wurinsu. Amma kai da falonka tayil ne a kan siminti, me tsinin zai huda? Zamewa zai yi, ya kankare maka tayil, idan ba ka yi sa'a ba ya tsaga shi. Daga nan sai a sayar maka da wasu 'yan faranti na sakawa a ƙarƙashin tsinin, ka biya kuɗi sau biyu ka dawo inda ƙafar roba ta kamfani ta ajiye ka tun farko.

Haka batun daɓe. Yawancin koke-koken da za ka karanta daga ƙasashen can, na allurar garmaho da ke tsalle idan an yi tafiya a ɗaki ko na bes da ke bin ƙasa har kicin, sun samo asali ne daga daɓen katako da aka shimfiɗa a kan gungume, ƙarƙashinsa rami. Irin wannan daɓe ganga ne babba. Namu kuwa, a ƙasan gida, siminti ne kwance a kan ƙasar da aka cike aka daddaɓe. Nauyinsa ya fi ƙarfin wufar gida ta motsa shi yadda kunne zai ji. Wannan kyauta ce da magini ya ba mu ba tare da ya sani ba, kuma wadda wasu a waje suke kashe kuɗi masu yawa don su samu kwatankwacinta. Rauninmu yana wasu wuraren: teburin gilashi, tagar alminiyom mai zamewa, ƙofar ƙarfe, silin na roba ko na kwali, kwanon rufi, fankar sama da notinta ya kwance, da kabad ɗin da uwargida ta cika da tangaran.

Wanda ke zaune a saman bene lissafinsa daban ne, zan dawo kansa.

Idan raba sifika da abin da take kai ake so, abu mai taushi ake buƙata, kuma mun san haka tun ba yau ba. Duk wanda ya taɓa ɗora janareta a kan tsohuwar taya ya yi wannan aiki. Ƙaramin janareta yana juyawa sau 3000 a minti, wato sau 50 a daƙiƙa, kuma tayar ce ke hana wannan kaɗawa shiga daɓe ta bi bango. Ilimin da ke cikin tayar nan shi ne dai ke cikin ƙafafun da ake sayarwa da dala.

Sai dai akwai sharaɗin da masu talla ba su cika faɗa ba, kuma a ganina shi ne abu mafi muhimmanci a wannan batu gaba ɗaya. Nauyi a kan abu mai taushi shi ma lilo ne, yana da kaɗawar da ya fi amsawa. Ba ya fara tare jijjiga sai wadda ta haura wannan kaɗawa da kamar ninki ɗaya da rabi, a lissafi 1.4. Wadda ta faɗo daidai kanta kuwa ƙara mata ƙarfi yake yi. Kuma abin da ke nuna inda wannan kaɗawa take shi ne yawan lotsawar da abin ya yi da aka ɗora masa nauyi. Idan ya lotsa milimita 1, tana wajen 16 Hz. Idan ya lotsa milimita 4, ta sauko wajen 8 Hz, kuma a takarda abin da zai wuce daga jijjigar 40 Hz kimanin kashi 4 cikin 100 ne kawai. Amma idan robar mai tauri ce, ta lotsa kashi ɗaya cikin goma na milimita kawai, kaɗawar tana wajen 50 Hz, tsakiyar bes ke nan. Ka sa roba don ka rage jijjiga, ka ƙare da ƙara ta. Wannan lissafi na sifirin ne tsantsa, roba da soso sukan ɗan fi haka tauri idan ana girgiza su, amma ƙa'idar ba ta canzawa.

Ma'anar wannan a aikace ita ce babu wata ƙafa da ta dace da kowace na'ura. Robar da ta yi wa wufa mai kilo 20 daidai, dutse ce a ƙarƙashin 'yar sifika mai kilo 2. Soson da ya yi wa ƙaramar daidai, babbar za ta murƙushe shi ya zama faifai, kuma soson da ya gama lotsewa ya daina aiki, kamar shokozobar da ta zauna. Don haka ga ma'aunin da nake amfani da shi wajen gane mai sayar da kayan gaskiya: yana tambayar nauyin na'urarka? Kamfanoni irin su IsoAcoustics na Kanada da Townshend na Ingila suna rarraba kayansu ne bisa nauyin da kowanne zai ɗauka, haka ma masu sayar da Sorbothane, wata roba mai shanye girgiza da ake sakawa har a cikin takalma. Kayan suna da tsada, kuma ban ce kowa yana buƙatarsu ba, amma aƙalla lissafi ne a bayansu. Wanda ya ce maka nasa yana aiki a ƙarƙashin komai, daga dikoda har firji, labari yake sayarwa.

A gida kuwa, abin da na gwada ya yi mini aiki ba shi da yawa. Ƙananan sifikun da ke kan teburin kwamfuta su suka fi kowa amfana, don tebur fanko ne mai amsa sauti, guntun soso mai ɗan tauri a ƙarƙashinsu yana kawar da wannan gunjin da ke sa murya ta yi kamar daga cikin randa take fitowa. Tsohon silifas da aka yanka gida huɗu yana yi wa matsakaiciyar wufa. Ga na'ura mai son kwanciyar hankali sosai, akwai tsohuwar dabarar tub ɗin keke: a hura masa iska kaɗan, ba tam ba, a kwantar da shi, a ɗora katako mai kauri ko guntun mabul daga wurin masu tayil, sannan a ɗora na'urar. Illarsa iskar tana sacewa a hankali, sai an riƙa dubawa. Ƙafar sifika ta ƙarfe mai rami a ciki kuma a cika ta da rairayi busasshe, ta daina ƙara kamar ƙararrawa, ta ƙara nauyi. Rairayi dai ba mu da ƙarancinsa. A tabbata ya bushe sarai, don mai danshi tsatsa zai jawo.

Hattara biyu. Doguwar sifika a kan abu mai taushi tana iya kifewa, kuma a gidan da yara ke rarrafe wannan ya fi duk wani zancen daɗin sauti muhimmanci. Na ga masu ɗora sifika a kan rabin ƙwallon tanis, ni ba zan yi haka a falon da yara ke shiga ba. Na biyu, roba takan yi wa katako tabo. Ko Apple sai da ta amsa a 2018 cewa gindin silikon na HomePod yana iya barin farin zobe a kan wasu katakan da aka shafa wa mai. Idan teburin na gado ne, a sa takarda ko ƙyalle a tsakani.

Na'urorin da suka damu da waɗanda ba ruwansu

Garmaho shi ne sarkin masu jin jijjiga, kuma dalilin a fili yake: shi kansa na'urar auna jijjiga ce. Allura tana bin wasu 'yan lanƙwashe-lanƙwashe a cikin layin faifai waɗanda suka fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, ta mai da motsin ya zama wuta 'yar mitsitsiya, kamar kashi biyar cikin dubu na bolt ɗaya. Sai an ninka wannan wajen sau ɗari kafin ta kai ƙarfin da amfilifaya za ta karɓa. Bugu da ƙari, tun daga 1954 da aka daidaita tsarin RIAA, ana rage bes lokacin yanka faifai sannan a mayar da shi lokacin saurare, don haka sautin can ƙasa ana ƙara ninka shi kusan sau goma a kan wancan. Allurar ba ta san bambancin motsin da mawaƙi ya sa da wanda takun ƙafarka ya sa ba. Idan garmaho da sifika suna kan tebur ɗaya, sifika ta girgiza allura, allura ta aika wa sifika, sifika ta ƙara girgiza ta, sai gunji ya tashi, irin kukan da lasifika ke yi idan an kusanto da makirfo gabanta.

Injiniyoyi sun daɗe da sanin haka. A 1961 Edgar Villchur na kamfanin Acoustic Research ya fitar da garmahon da farantinsa da hannun allurarsa ke rataye tare a kan sifirin guda uku, rabe da akwatin waje. Thorens da Linn sun bi wannan hanya, kuma har yau ana ƙera Linn Sondek LP12 da ya fito a farkon shekarun 1970. Technics ta bi wata hanyar da SL-1200 MK2 na 1979, jiki mai nauyi da gindin roba mai kauri, abin da ya sa masu kiɗa a wuraren rawa suka riƙe shi shekara da shekaru. Wanda ya gaji garmaho da faifan mahaifinsa, ko ya shiga sahun masu komawa faifai a yanzu, shawarata gare shi ɗaya ce: ya kafa masa kanta a jikin bangon bulo, nesa da sifika. Bangonmu ba ya rawa. Ƙarfe biyu da katako ɗaya sun gama maganar.

Bayan garmaho sai amfilifaya mai kwalba, irin ta da, wadda har yanzu masu jita da wasu masu sha'awa ke nema. A cikin kowace kwalba akwai siraran ƙarafa da ke iya kaɗawa, idan ka ƙwanƙwasa ta da fensir za ka ji ƙarar a sifika. Ita ma a nisanta ta da wufa, a sa mata abu mai taushi. Na'urar CD da DVD tana tsalle idan an buge ta, shi ya sa tun shekarun 1990 aka fara sa wa na yawo ma'ajiyar da ke riƙe 'yan daƙiƙu na waƙa a gaba. Amma matuƙar ba ta yi tsalle ba, lambobin da ta karanta su ne dai lambobin. Hadis mai juyawa ma yana ji: a 2008 wani injiniyan Sun Microsystems, Brendan Gregg, ya ɗauki bidiyo yana kurma ihu a gaban jerin hadis, na'urar aunawa tana nuna yadda suke jinkiri. Idan waƙoƙinka a kan irin wannan hadis suke, kada ka ɗora shi a kan wufa.

Daga nan kuma sai jerin ya ƙare. Amfilifayar zamani mai taransisto, dikoda, akwatin da ke jawo waƙa daga intanet, filasha, wayar hannu, duk babu wani abu mai motsi a hanyar da sauti ke bi a cikinsu. Gaskiya ne wasu ƙananan kafasito na yumbu suna iya haifar da 'yar wuta idan an girgiza su, masu ƙira sun san da haka, shi ya sa a na'ura mai kyau ba a sa irinsu a inda zai yi illa. Kuma gwajin ba shi da wuya. Kunna amfilifaya ba tare da waƙa ba, ƙara murya daidai yadda ka saba saurare, ka ƙwanƙwasa jikinta da ɗan yatsa. Wannan bugu ya ninka duk girgizar da waƙa za ta iya yi mata. Idan ba ka ji komai a sifika ba, to me ƙafar dala ɗari za ta cire? Idan kuwa ka ji ƙara, akwai abin da ya kwance a ciki, mai gyara take buƙata.

Na san akwai masu cewa sun saka sun ji bambanci, kuma ba na ce ƙarya suke yi ba. Sun ji. Tambayar ita ce me ya kawo shi. Mutumin da ya biya kuɗi mai yawa, ya durƙusa ya ɗaga na'ura ya saka, ya koma ya zauna yana kasa kunne fiye da yadda ya taɓa yi, dole ya ji abin da bai ji ba jiya. Ni ma ya faru da ni. A ƙarƙashin sifika kuma sau da yawa sabuwar ƙafa tana ɗaga ta ne da 'yan santimita, ƙaramar sifikar sama ta zo daidai kunne, sauti ya washe. Littafi biyu ma za su yi wannan. Maganin gardama shi ne ka sa wani ya riƙa sakawa yana cirewa ba ka gani, sau goma, kana faɗin wanne ne. Kaɗan ne masu sayar da irin waɗannan kaya ke son a yi wannan gwaji.

Wani abu da ya fi jijjiga haɗari ga amfilifaya a ƙasarmu shi ne zafi. Ƙafafunta na asali suna ɗaga ta ne don iska ta shiga ta ƙasa. Wanda ya kwantar da ita a kan soso ko darduma da sunan maganin jijjiga ya toshe mata hanci, kuma a watan Afrilu ba za ta yafe masa ba.

Akwai kuma ƙugin da ke fitowa daga jikin na'ura ba daga sifika ba. Wannan taransifoma ce. Wutarmu 50 Hz ce, ƙarfen cikin taransifoma yana ɗan motsawa sau biyu a kowane zagaye, sai ka ji ƙugi a 100 Hz. Yana ƙaruwa idan wutar ba ta da tsabta, musamman a kan inbata mai arha wadda wutarta ba ta fita sumul. Ƙafar roba za ta hana katakon kabad ƙara masa murya, ɗaure notin taransifomar ma yakan taimaka, amma asalin maganin yana wurin wutar. Sitabilaiza kuwa, wadda ita ma ƙugin take yi, a sauke ta daga kan kanta ɗaya da sauran kaya.

Inda ya kamata kuɗin mai son sauti ya tafi, idan har zai kashe, shi ne akwatin sifikar kansa. Bangon akwati ya fi takardar sifika faɗi sau da yawa, don haka ko kaɗan ya motsa ana ji. Ƙwanƙwasa gefen sifika a shago kafin ka biya. Idan ta amsa kamar ƙwarya, haka za ta riƙa yi wa kowace waƙa rakiya. Masu ƙira sun bi hanyoyi daban-daban a kan wannan. Gilbert Briggs na Wharfedale ya riƙa cika tsakanin katako biyu da rairayi a shekarun 1950. Injiniyoyin BBC, da suka ƙera 'yar ƙaramar LS3/5A a shekarun 1970 don motocin ɗaukar shiri, sun zaɓi siririn katako suka liƙa masa kwalta daga ciki ta shanye kaɗawar. Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta sa sifika biyu su yi aiki suna fuskantar saɓanin juna, turin wannan ya kashe na waccan. Sonos ta yi haka a wufarta ta 2012, KEF ta yi a KC62, Apple ma ta sa irinsa a MacBook Pro mai inci 16 na 2019 don kada jikin kwamfutar ya riƙa rawa. An kashe jijjigar ke nan tun daga tushe, ba a bari ta fito ana bin ta da roba ba.

Ga wanda ke son ya san halin da falonsa ke ciki, aikin yamma ɗaya ne. Sauke manhajar da ke fitar da sauti guda tsantsa, suna nan kyauta. Jona wayar da sifika, sa murya matsakaiciya, don irin wannan sauti yana iya ƙona koyil idan an matsa masa. Fara daga 30 Hz kana hawa a hankali zuwa 200. Duk inda wani abu ya fara kuka, tsaya, ka zagaya kana dafa kaya har ka kama mai laifin. Za ka sha mamakin abin da za ka tarar: agogon bango, murfin soket, sandar labule, cokula a cikin kofi. Kowanne da maganinsa, noti a ɗaure, guntun roba a cusa, ƙyalle a shimfiɗa tsakanin faranti. Kada a manta da sukurorin da suka riƙe sifika a jikin akwatinta, sukan kwance da daɗewa, a ɗaure su daidai ba tare da an matse har katako ya ci ba. Mai son ya gani da ido, manhajar phyphox ta jami'ar Aachen da ke Jamus tana amfani da ma'aunin motsi na cikin waya, ka kwantar da wayar a kan tebur ka ga girgizar kafin ka sa roba da bayan ka sa.

Saura na saman bene da na ce zan dawo kansa. Dekin siminti ba kamar daɓen ƙasa ba ne, a rataye yake, kuma sauti yana gudu a cikin kankare kusan ninki goma na gudunsa a iska, ba ya kuma saurin mutuwa. Bes ɗin da kake ji daidai a falonka, maƙwabcinka na ƙasa yana jin sa a matsayin dum dum daga silin, babu waƙa babu daɗi, wataƙila da jariri a ɗakin ko mara lafiya. A nan ne abu mai taushi a ƙarƙashin wufa ya cancanci kuɗinsa, a zaɓe shi daidai nauyinta, a kuma janye ta daga jikin bangon da kuka haɗa. Zai rage abin da ke bi ta siminti, na iska kuwa sai an rage murya. Hanyar sanin ko ya yi aiki ita ce ka bar waƙar tana yi, ka sauka ka yi sallama, ka roƙi maƙwabcin ya bar ka ka tsaya a falonsa minti biyu.